Dam Ɗin Tiga Ya Haura Shekara 50: A Fito A Gaya Mana Lafiyarsa

Ranar 10 ga Satumba, 2024, da muka wayi gari da hotunan Maiduguri tsundum cikin ruwa bayan dam ɗin Alau ya ɓalle, abin da na fara yi shi ne kiran kawuna a waya. Ba a Borno yake ba. Manomin shinkafa ne a ƙasar Kura, kuma kamar dubban manoman wannan yanki, ruwan da yake noman rani da shi daga dam ɗin Tiga yake gangarowa ta kanal. Bayan mun gaisa na ce, "Kawu, yau da a ce Tiga zai ɓalle cikin dare, ta ina za ku ji, kuma ina za ku nufa?" Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, na fi shekara talatin ina noma da ruwan nan, ba wanda ya taɓa tara mu ya yi mana wannan bayani. Kuɗin ruwa dai ana zuwa karɓa."

Tun ranar maganar take cina. Ban ce Tiga zai ɓalle ba, kuma ba na cikin masu tura saƙon murya a WhatsApp suna tayar wa mutane hankali duk sanda aka yi ruwa mai ƙarfi. Abin da nake cewa shi ne, ginin da ya tare ruwa mai yawan gaske a saman garuruwan mutane, ya kuma haura shekara 50, bai kamata lafiyarsa ta zama sirrin ofis ba. Waɗanda suke kwana a ƙarƙashinsa su suka fi kowa cancantar sanin halin da yake ciki. Yanzu kuma da aka ɗora masa aikin samar da wutar lantarki, maganar ta ƙara nauyi.

Mu 'yan birni mun fi sanin Tiga a matsayin wurin yawon buɗe ido. Da yawanmu an kai mu muna 'yan makaranta, mun ga ruwa iya ganin ido, mun ga otal ɗin nan da ke kan dutse, mun dawo gida muna ba da labari. Ba a nuna mana cewa tudun da muke tsaye a kansa, hannu ne ya tara shi ba. An gina shi ne tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a kan Kogin Kano. Tsawonsa wajen kilomita 6, tsayinsa kusan mita 48, kuma an tsara shi ne ya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Da shi ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Tumatirin da ke cika 'Yankaba da rani, da shinkafar da ake cashewa a Kura, da ruwan da ake tacewa a Tamburawa a turo mana famfo ranar da aka samu, duk akwai hannun Tiga a ciki. Allah ya jiƙan Audu Bako. Ya bar mana gado wanda har yau muke ci, shi da sauran madatsun da aka yi a jihar nan, irin su Watari da Tomas da Bagauda. Amma gado idan aka ci ba a gyara, wata rana shi zai ci magada.

Na ambaci Bagauda, kuma duk Bakanon da ya yi wayo a 1988 ya san dalili. A watan Agustan shekarar aka yi marka kamar ba za a daina ba. Ina yaro a lokacin, ina tuna yadda katangun ƙasa suka riƙa zubewa a unguwarmu, iyayenmu mata suna tara kwanuka a tsakar ɗaki saboda yoyo. Cikin wannan hali aka ji a rediyo cewa dam ɗin Bagauda ya fashe. An rasa rayuka, gidaje da gonaki da dabbobi suka tafi. To Bagauda ƙaramin ƙane ne idan aka ajiye shi kusa da Tiga, kuma tsakaninsu ba nisa. Mu Kanawa a wannan fage ganau ne, ba jiyau ba.

Yana da kyau mai karatu ya san yadda irin wannan gini yake mutuwa, domin mutane da dama sun ɗauka sai an ga tsaga ƙatuwa kamar ta bangon siminti. Tiga ba siminti ba ne, ƙasa ce aka tara aka daddaɓe, da yumɓu a tsakiya don ya hana ruwa ratsawa. Babban abokin gabar irin wannan bango shi ne ruwa ya hau kansa. Da zarar ya haura ya fara zuba ta baya, yana cin ƙasar kamar yadda yake cin zaizayayyar hanya, cikin 'yan sa'o'i sai ya yanka ƙofa. Shi ya sa ake yi wa kowane dam mazubar rarar ruwa a gefe, wadda idan ya cika zai bi ta can. Ɗaya hanyar kuwa ta fi ban tsoro, domin a ɓoye take. Ruwa yana tsattsafowa ta cikin bangon ko ta ƙarƙashinsa a hankali. Tsattsafo kaɗan ba laifi ba ne, kowane dam na ƙasa yana yi, kuma akwai magudanan da aka yi masa. Muddin ruwan da ke fitowa garau yake, da sauƙi. Ranar da ya fara fitowa da laka, to cikin bangon yake kwasowa, rami ne yake haƙawa daga baya zuwa gaba, har ya haɗe da tafkin. Saiwar bishiyar da aka bari ta girma a jikin bango, idan ta ruɓe, hanya ce. Gara ta yi suri, hanya ce. Ramin gafiya ma haka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa ƙadangaren ruwa ne mai nauyin da ba ya misaltuwa.

Maganin wannan ba wani abin al'ajabi ba ne. Akwai bututun awo da ake binnewa a jikin bango, masu nuna yadda ruwa yake matsa shi daga ciki. Akwai ma'aunin da ake sa wa a bakin magudana don a san ko tsattsafon ya ƙaru. Sai kuma mutum, ma'aikaci mai takalmi da littafi, wanda zai taka bangon daga wannan kai zuwa wancan, ya duba inda ciyawa ta yi kore shar da rani alhali kewayenta a bushe, ya duba inda ƙasa ta lotsa, ya rubuta. Sannan a sami wanda zai karanta abin da ya rubuta, yana kuma da ikon sakin kuɗi. A nan gizo yake saƙar. Aikin dubawa da sharar ciyawa da shafa wa ƙarfe man giris ba a yanka masa kirtani, ba a kiran maroƙa, ba a liƙa hoton kowa a jikinsa. Sabon aiki shi ke da biki. Shi ya sa a ƙasar nan kuɗin gini yake fitowa, na kula kuwa sai a yi ta jan ƙafa.

Abin da ya faru a Derna ta ƙasar Libiya ya isa izina. Madatsun nan biyu da suka fashe a Satumbar 2023 suka share unguwanni zuwa cikin teku, suka kashe dubban mutane cikin dare ɗaya, a shekarun 1970 aka gina su, wato sa'annin Tiga ne. Masana sun yi gargaɗi tun kafin lokacin cewa suna bukatar gyara. Shekara guda bayan haka sai ga dam ɗin Alau na kusa da Maiduguri. An gina shi a kan Kogin Ngadda a shekarun 1980, ya taɓa jawo wa Maiduguri ambaliya a 1994, amma aka koma barci har sai da ruwa ya shiga fadar Shehu da asibitin koyarwa da Kasuwar Monday, namun dajin gidan zu suka mutu wasu suka fantsama cikin gari, fursunoni suka tsere, dubban ɗaruruwan mutane suka koma sansani. Bayan an yi ɓarnar ne gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina shi. Da kaɗan daga cikin wannan kuɗi aka kashe shekara biyar kafin nan, da an yi wa mutanen Borno adalci. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin da ake yi wa naka.

Yanzu bari in zo kan wutar lantarki, wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Gwamnatin jihar Kano ta kafa injinan samar da megawat 10 a Tiga, da niyyar a ba matatar ruwa ta Tamburawa wuta, a kuma kunna fitilun titi, kuma an faro irin wannan aiki a dam ɗin Challawa da ke ƙasar Karaye, wanda aka kammala gininsa a 1992. Ina goyon bayan wannan ɗari bisa ɗari. Duk wanda ya san yadda muke sayen ruwa a wurin 'yan garuwa saboda an ce babu wutar da za a turo ruwa, ba zai ƙi a ci moriyar ruwan da dama gangarowa yake yi ba. Sai dai injin wuta yana zuwa da nasa kwaɗayin. Ƙarfin wutar da yake bayarwa ya dogara ne da yawan ruwan da ke bi ta cikinsa da kuma tsayin da ruwan yake faɗowa. Saboda haka mai wuta kullum so yake tafki ya cika maƙil. Manomin rani shi ma so yake damina ta ƙare dam yana cike. Injiniyan da ke kula da lafiyar bango kuwa so yake a shiga Agusta da sauran fili a cikin tafkin, don idan ruwan sama ya zo da yawa a sami inda zai zauna. Can ƙasa kuma, mutanen Wudil da Ringim da Auyo da Hadeja so suke idan za a saki ruwa a sake shi kaɗan-kaɗan tun da wuri, ba a tara a juye musu lokaci guda shinkafarsu tana gab da nuna ba. Huɗun nan kowa da gaskiyarsa. Tambayar ita ce, ranar da bukatunsu suka yi karo da ƙarfe biyun dare, maganar wa za a bi?

Ba mu ne farau ba a wannan. Kainji, wanda aka kammala a 1968 a kan Kogin Kwara, ya girmi Tiga, kuma tun asali don wuta aka yi shi. Saboda shi aka tashi tsohon garin Bussa da ƙauyuka masu yawa har zuwa ƙasar Yawuri. Bayansa aka yi Jebba da Shiroro, kuma wani kaso na wutar da ke shigowa Kano ta Kumbotso daga waɗannan madatsu take. Amma je ka tambayi mutanen bakin kogi a jihohin Neja da Kwara da Kogi abin da suke gani idan damina ta yi nisa aka buɗe ƙofofi. Kukansu ne ya sa aka kafa hukuma ta musamman don yankunan da ake samar da wutar ruwa, wadda aka yi dokarta a 2010 amma sai da aka shafe wajen shekara goma kafin ta kama aiki. Mutanen Adamawa da Binuwai su ma sun ɗanɗana a 2012 da 2022, lokacin da aka saki ruwan Lagdo daga Kamaru. Darasin da na ɗauka shi ne, wutar birni take tafiya, ruwan kuma ƙauye yake sauka. Mu da muke shan fanka a Kano ba mu da bakin cewa abin bai shafe mu ba.

A Tiga akwai ƙarin wani ƙulli. Dam ɗin yana hannun hukumar raya kogunan Hadeja da Jama'are, wadda ta gwamnatin tarayya ce. Injinan wuta na jiha ne. Waɗanda ruwan zai fi ci idan an yi kuskure, da yawansu a wata jihar suke, wato Jigawa. Tukunyar da masu dafa ta suka yi yawa, ita ce kowa yake zaton wani ne yake duba wutar. Ya kamata a ce akwai rubutacciyar ƙa'ida wadda jama'a za su iya karantawa, mai cewa a wata kaza ruwa ba zai wuce tsayi kaza ba, ko da injin wuta zai tsaya, kuma mutum kaza ne yake da ikon yanke hukunci ba sai ya jira waya daga Abuja ko gidan gwamnati ba. An taɓa fifita lafiya a kan yawan ruwa a wannan dam ɗin. A 1992 an rage tsayin mazubar rarar ruwansa da mita uku da rabi, don a sauƙaƙa wa bangon nauyin da yake ɗauka, duk da cewa hakan ya rage ruwan da ake adanawa sosai. Waɗanda suka yanke wannan shawara sun yi abin a yaba. Idan wata rana sha'awar ƙarin megawat ta sa aka zo da batun mayar da tsayin, to a fara nuna mana rahoton injiniyoyi masu zaman kansu da ya ce bangon zai ɗauka.

Na san an yi ayyukan gyara a yankin cikin 'yan shekarun nan, a ƙarƙashin shirin noman rani da Bankin Duniya ya ba da rance, manoma ma sun ga an gyara kanal-kanal. Madalla. To wannan ma dalili ne na a yi bayani. Idan an duba bangon an same shi lafiya, faɗin hakan da hujja shi zai kwantar da hankali. Abin da muka saba ji bayan kowace jita-jita shi ne wani jami'i ya fito ya ce babu wata matsala, jama'a su kwantar da hankalinsu. Wannan magana ba ta da nauyi a kunnen wanda ya ga Alau. Abin da ke da nauyi shi ne a ce: an duba ranar kaza, ga waɗanda suka duba, ga abin da aka gani, ga wanda aka gyara, ga wanda ya rage da kuɗin da zai ci.

Wani abokina ma'aikacin gwamnati ya ce mini fitar da irin wannan bayani zai firgita mutane, kuma akwai batun tsaro. Na yarda ba kowane zane ne za a baza a intanet ba a wannan zamani na 'yan ta'adda. Amma tsayin ruwa a tafki ba sirrin soja ba ne, kowane masunci a Tiga yana ganinsa da idonsa. Firgici kuwa, rashin sani ne yake kawo shi. A daminar da Alau ya fashe, sau biyu ana turo saƙon murya a zauren danginmu cewa Tiga ya tsage, har wata gwaggona ta ɗaure kayanta ta kwana a zaune. Da a ce kowace safiya daga Yuli zuwa Oktoba gidajen rediyon Kano da Jigawa suna faɗin tsayin ruwan Tiga da na Challawa, kamar yadda ake faɗin farashin hatsi a Dawanau, da mai ƙirƙirar ƙarya bai sami kasuwa ba. Mutane za su saba da lambobin, su san wanne ne na kullum, wanne ne na a tashi tsaye.

Akwai kuma masu cewa ambaliya ƙaddara ce. Babu musulmin da zai musa ƙaddara. Amma addinin da ya koya mana ita, shi ya ce a ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah. Ruwan sama daga Allah ne. Bishiyar da aka bari ta yi shekara goma a jikin bango, da ƙofar da tsatsa ta cinye, da rahoton da aka jefa a durowa, waɗannan amana ce da aka ba wani, kuma za a tambaye shi. Ina roƙon malamanmu su riƙa faɗin wannan a kan mumbari.

Mu ma talakawa da namu laifin, kuma ba zan ɓoye ba. Ana noma har gindin bangon madatsu a wurare da dama. Ana kora shanu su hau su sauka har su yi turba, turbar kuma ta zama kwazazzabo. Ana kwance ƙarafa da wayoyi a sayar wa 'yan gwangwan, ba tare da tunanin cewa abin da aka cire ɗin shi ne idon da ake ganin cikin bango da shi ba. Can sama kuma, wajen dajin Falgore inda kogin yake ratsowa, saran itace da gawayi suna tsiraita ƙasa, ruwa yana kwaso yashi da laka yana jibgewa a cikin tafki. Duk tafkin da laka ta cike cikinsa, wurin ajiyar ruwansa ya ragu, zai kuma cika da wuri. A ƙasa kuma kachala ta toshe hanyoyin ruwa a yankin Hadeja, ruwa kaɗan sai ya fantsama gonaki. Dagatai da masu unguwanni da ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa za su iya tsare abubuwa da yawa a nan, idan an ɗauke su abokan aiki, ba sai ranar karɓar kuɗi kaɗai a neme su ba.

Ga ɗan birni da yake ganin gidansa yana Gwauron Dutse ko Kurna, ruwa ba zai iso shi ba, ina tuna masa cewa Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa ne a kudu da birnin nan kafin su nufi Wudil. A wannan hanya matatar Tamburawa take, da gadar titin Zariya, da gadar Wudil da ta haɗa mu da gabas. Ko ɗigo bai shigo Ƙofar Nasarawa ba, gari zai wayi ba ruwan famfo, manyan hanyoyinsa biyu a yanke, abincin rani ya tafi na shekaru, 'yan'uwanmu na karkara kuma su cika makarantun firamare da tabarmi. 'Yan majalisarmu na jiha da na tarayya, musamman masu wakiltar Bebeji da Rano da Kura da Wudil, su ya kamata su riƙa tashi a lokacin kasafin kuɗi suna tambayar nawa aka ware don kula da waɗannan madatsu, nawa aka saki, kuma yaushe aka yi musu duban ƙarshe. 'Yan jaridarmu su ma su je da rani, lokacin da ake iya gyara, kada su jira sai sun je ɗaukar hoton gawa.

Abu mafi sauƙi kuma mafi arha shi ne wanda Kawu ya ce ba a taɓa yi musu ba. Injiniyoyi suna iya lissafa inda ruwa zai bi idan bango ya karye, da zurfin da zai yi a kowane gari, da lokacin da zai ɗauka kafin ya isa. A kai wannan taswira fadar kowane hakimi da dagaci, a fassara ta da Hausa, a nuna wa mutane tudun da za su nufa. A san lambar wa za a kira, wa zai sanar da limami ya yi shela a lasifikar masallaci, wa zai ɗauki tsofaffi da masu jego. A gwada sau ɗaya a shekara kafin damina ta kankama. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da na je gaishe shi bayan sallar layya, Kawu ya ja ni bayan gari ya nuna mini wani tudu da makarantar firamare take a kai. Ya ce tun bayan wayar nan tamu ya tara 'ya'yansa da matansu ya gaya musu, in dai an ji wani abu, can za a haɗu, kada wanda ya tsaya kwance akuya. Har gwadawa ya yi da ƙafa, yana riƙe da hannun Inna, wadda gwiwa ta dame ta. Ya ce minti arba'in suka yi. Nasa lissafin ke nan, ya gama. Minti nawa ruwan zai yi kafin ya iso ƙofar gidansa, wannan lissafin yana hannun masu kula da dam, kuma shi nake roƙon a zo a gaya masa kafin Agusta.